Malaman Aji ko Baƙon Ido: Wa Ya Kamata Ya Auna Ingancin Makarantar Ƙananan Yara?

Duk mai makarantar nazare, ko shugabar sashen rabin aji, ko kwamitin Islamiyyar da ya buɗe ajin 'yan shekara uku zuwa biyar, akwai ranar da wata tambaya za ta tsaya masa a gaba: anya abin da muke yi wa yaran nan yana amfanar su kuwa? Iya rera A B C ranar bikin yaye ɗalibai bai isa amsa ba. Abin da ake son sani ya fi haka faɗi. Yaya ake cinye safiya a aji? Wace irin magana ke gudana tsakanin malama da yaro? Banɗaki yana da ruwa? Wane yaro ake yawan kira ya amsa tambaya, wane ne kuma ya shekara a lungu ba a san kalar muryarsa ba?

Manyan hanyoyin samun amsa biyu ne. Ko a damƙa aikin a hannun malaman da ke cikin azuzuwan, su zaɓi abin da za a bincika, su tattara shaida, su yanke wa aikinsu hukunci da kansu. Ko kuma a kira wani daga waje, jami'in tabbatar da inganci ko ƙwararren da aka biya, ya zo ya duba ya rubuta rahoto. A ganina, a yawancin ƙananan makarantunmu malamai ya kamata su ja ragama, baƙo kuma ya riƙa zuwa jifa-jifa yana duba musu inda idonsu bai kai ba. Amma akwai wuraren da barin malamai su auna kansu kuskure ne babba, har ma da haɗari ga yara. Abin da ke raba gardama shi ne a san wa ke bukatar amsar, da kuma abin da zai yi da ita.

Hujja ta farko da ke bayan malamai tana cikin halin ƙananan yara kansu. Ɗan aji shida za ka iya miƙa masa takardar jarrabawa, ko ya san ka ko bai san ka ba, ya rubuta abin da ya iya. Ɗan shekara huɗu ba ya haka. Yarinyar da ke ƙirga murafun kwalba har ashirin idan an fita tara, tana raba wa ƙawayenta biyar-biyar, da ta ga baƙon fuska da biro a hannu sai ta sa yatsa a baki ta sunkuyar da kai. Baƙon zai rubuta cewa ba ta iya ƙirga ba. Malamarta kuwa ta san ta iya, ta kuma san wane yaro ne ke zuwa bai karya ba, wace ce aka yi wa ƙani makon jiya shi ya sa take ta kuka, wane ne Fillanci ko Barbarci ake yi a gidansu don haka shirunsa na rashin kama Hausar aji ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaya daga cikin shahararrun ma'aunan ingancin ajin ƙananan yara da baƙi ke amfani da su a duniya, wato ECERS, wanda Thelma Harms da Richard Clifford na Jami'ar North Carolina a Amurka suka fitar a 1980, zaman kimanin sa'a uku yake bukata a aji. Sa'a uku na mutumin da ya san aikinsa suna da daraja, amma safiya ɗaya ce daga cikin safiyoyin shekara guda.

Ita ma safiyar ba lallai ta zama ta gaskiya ba. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda makaranta ke komawa idan an ji masu duba makarantu na tafe. A share harabar tas, a manna sababbin hotuna a bango, a fito da kayan wasan da suka yi watanni a kulle a kabad ɗin ofis, a ɓoye bulala, a maimaita darasin da yara suka riga suka haddace. Ban ɗauki wannan a matsayin mugun hali ba. Tsoro ne, domin malama ta san rahoton na iya taɓa albashinta, mai makaranta kuma ya san yana iya taɓa lasisinsa. Sakamakon dai ɗaya ne: an rubuta rahoto a kan wata rana da babu irinta a sauran kwanakin zango.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, ita ce abin da ke faruwa bayan an gama awon. Rahoton baƙo yakan zo da Turanci mai kauri, a miƙa wa shugaban makaranta, ya sa a durowa. Malamar da aka rubuta a kanta wani lokaci ko ganin sa ba ta yi ba, in ma ta gani sai ta ɗauke shi zargi ta shiga kare kanta. Abin da malama ta gano da idonta kuwa yakan canja yadda za ta shiga aji ranar Litinin.

A ce malamai uku na wani sashen rabin aji sun zauna sun yarda a kan tambaya ɗaya: daga shigowa zuwa fita tara, yara nawa ne ke furta jimla tasu ta kansu, ba maimaita bakin malama ba? Sai ɗaya ta je ajin 'yar'uwarta da jerin sunayen yaran, ta zauna a baya, duk wanda ya yi magana ta ɗiga masa alama. Su yi ta musayar aji haka na mako biyu. Da wuya a gama ba a tarar cewa 'yan tsirarun yara ne ke riƙe da bakin aji ba, su ne dai kullum, galibi masu zama a gaba, sauran kuwa takardarsu fara fat. Babu wanda ya zargi kowa, takardar ce a gabansu kuma da hannunsu suka cike ta. Daga nan shawara kan fito da kanta: a raba yara rukuni-rukuni, a riƙa juya wurin zama, a ware wa masu shiru 'yan mintuna kowace safiya. Bayan wata guda a sake ƙirgawa a ga ko an samu sauyi. Wannan zagaye na tambaya da lura da gyara da sake lura shi ne ainihin abin da ake nufi da malamai su jagoranci bitar tsarin makaranta. A Japan malaman firamare sun fi shekara ɗari suna yin makamancinsa: su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zuba wa yaran ido, sannan a zauna a tattauna.

Wurare biyu sun yi suna a kan wannan hanya a fagen ƙananan yara, kuma ya kamata a san abin da ya sa ta yi musu aiki kafin a ce za a kwaikwaye su. A New Zealand, manhajar ƙananan yara ta ƙasa da ake kira Te Whāriki ta fito a 1996, aka sabunta ta a 2017. A ƙarƙashinta malamai da yawa ba sa ba wa yaro maki. Gajeren labari suke rubutawa a kan wani abu da suka ga ya yi, su bayyana irin koyon da suka hango a ciki da matakin da za su ɗauka gaba, a tara labaran a fayil ɗin yaron, iyaye su karanta har su ƙara nasu. Farfesa Margaret Carr na cikin waɗanda suka assasa wannan salo. Sharuɗɗan lasisi a can sun wajabta wa kowace cibiyar reno ta riƙa bitar kanta, kuma hukumar duba makarantu ta ƙasar, ERO, wadda aka kafa a 1989, idan ta zo tana duba har da yadda cibiyar ke auna kanta da abin da ta gyara a sakamakon haka. Wato ko a can ba a kori baƙo ba, aikinsa aka sauya.

Na biyu shi ne garin Reggio Emilia a arewacin Italiya, inda hukumar gari ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a 1963 da jagorancin tunanin Loris Malaguzzi. Malaman can suna rubuta maganganun yara kalma da kalma, su ɗauki hotunan aikinsu, su adana zane-zanensu, sannan su zauna su yi nazarin abin da suka tara don su san inda za su nufa. Abin da masu yabon Reggio kan manta su faɗa shi ne, malamai biyu ne a kowane aji, kuma an ware musu sa'o'i a cikin makon aiki, waɗanda ake biyan su, domin wannan zama. Duk mai makarantar da ya ce malamansa su yi irin wannan bayan an tashi, da yunwa da gajiya, ga girki na jiran su a gida, ba tare da ya rage musu komai ba, to ƙarin wahala ya ɗora musu ya sa mata suna mai daɗi.

Inda ido ɗaya bai isa ba

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wannan ita ce babbar illar barin malamai su kaɗai, kuma akwai shaida mai ƙarfi a kanta daga Amurka. Shirin Head Start, wanda gwamnatin ƙasar ta fara a 1965 domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, yana amfani da wani ma'auni mai suna CLASS da Robert Pianta da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Virginia. Mai lura yakan zauna minti ashirin yana kallon mu'amalar malama da yara, ya ba da maki daga 1 zuwa 7, ya sake wani zagayen. Fannoni uku ake dubawa: kulawa da tausasawa, tsarin tafiyar da aji, da kuma yadda malama ke faɗaɗa tunani da harshen yaro. Shekara da shekaru sakamakon ƙasar yana fitowa da siffa ɗaya: fannoni biyun farko suna kusa da 6, na ukun kuwa yana wajen 3. Ma'ana malamai suna son yaran, aji yana cikin tsari, amma tambayoyin da ake yi wa yara gajeru ne, masu amsar i ko a'a, ba a cika ce wa yaro "me ya sa ka ce haka?" ko "da za mu ƙara ruwa me kake jin zai faru?" ba. Da an tambayi waɗannan malamai su auna kansu, da yawansu za su ce komai lafiya, kuma ba ƙarya za su yi ba, domin abin da suke gani, wato yara masu fara'a da aji mai natsuwa, gaskiya ne. Abin da babu shi ne ba sa gani.

Namu makamancin wannan shi ne amshi. Malama ta faɗa, aji ya ɗauka da ƙarfi, a yi ta yi har a tashi. Maimaitawa tana da gurbinta, babu mai musun haka; da ita ake hadda, da ita yaro ke riƙe addu'o'i da waƙoƙi. Matsalar ita ce idan ta zama hanya ɗaya tilo ta koyar da komai, har da ƙirga da sanin launi da siffa, waɗanda sai yaro ya taɓa ya jujjuya ya gwada yake gane su. Malamar da ta taso a irin wannan aji, ta yi koyon aikin malanta a irinsa, tana jin ƙarar amshi sai hankalinta ya kwanta cewa karatu na tafiya. Idan malamai uku da suka sha ruwa ɗaya suka zauna bitar aikinsu, za su iya yin shekara suna gyara jerin layi da tsaftar allo ba tare da ɗayansu ta ce uffan a kan amshin ba. Haka ma ba wa ɗan shekara uku aikin gida ya rubuta 1 zuwa 100, alhali yatsunsa ba su gama iya riƙe fensir ba. Iyaye na so, makarantar maƙwabta na yi, don haka ba ya ma shiga jerin abin tambaya. Sai wanda ya ga wani irin aji dabam ne zai iya cewa a tsaya a duba.

Akwai kuma kunya da girmamawa, waɗanda halaye ne masu kyau amma suna da tasiri a nan. Malamar da ta zo bara ba za ta dubi wadda ta haife ta ba ta ce, "Anti, yau kin yi wa yaran tsawa da yawa." Idan kuma shugabar sashen matar mai makaranta ce ko ƙanwarsa, magana ta ƙare. Mafi muni shi ne a haɗa bitar da albashi ko sallama. Ranar da malamai suka fahimci cewa abin da suka rubuta a kan rauninsu zai iya zama hujjar rage musu kuɗi, daga ranar kowace takarda za ta dawo da "komai na tafiya daidai". Mai makarantar da ba zai iya yin alkawari, ya kuma cika, cewa ba za a hukunta kowa da sakamakon bitar ba, gara kada ya fara.

Kada kuma a ɗauka hanyar malamai kyauta ce don ba a biya kowa ba. Lokaci take ci. Manufar ilimi ta Najeriya, bugun 2013, wadda ta shigar da shekara ɗaya ta share fagen firamare cikin ilimin bai-ɗaya, ta ce malami ɗaya ga yara 25. Duk wanda ya leƙa rabin aji a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu ya san sau da yawa adadin ya ninka haka. Malamar da ke fama ita kaɗai da ɗaki cike da yara, wannan na son fitsari wancan ya ƙwace wa wani takalmi, ba ta da hannun rubuta labarin koyon kowa. A makarantun kuɗi kuma malamai ba sa daɗewa. Aure ko ƙaura ko ƙarin albashi kaɗan a wani wuri ya ɗauke su, duk abin da aka gina ya tafi da su idan ba a rubuce yake ba.

Shi ma baƙon iri-iri ne

Jami'an tabbatar da inganci na ma'aikatar ilimi ko na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, su ne baƙin da kowa ya sani, kuma zuwansu ba zaɓi ba ne. Suna da amfani wajen abubuwan da doka ta gindaya: rajista, takardun malamai, gini, tsaro, ruwa da banɗaki. Da yawansu dai daga firamare ko sakandare suka fito, don haka sukan auna rabin aji da mudun aji huɗu, su nemi tsarin darasi a rubuce da littattafan yara cike da rubutu, su ɗauki wasa a matsayin ɓata lokaci. Abin da masu makarantu da dama ba su lura da shi ba shi ne, tsarin tabbatar da inganci na ƙasa shi kansa ƙafa biyu gare shi: makaranta ta auna kanta, sannan na waje su zo su tabbatar. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, ya horar da shugabannin makarantu a kan auna kai da tsara shirin bunƙasa makaranta. Saboda haka makarantar da malamanta ke bitar aikinsu ba ta saɓa wa hukuma ba, tana cika rabin abin da ake nema daga gare ta ne.

Ƙwararren da ake biya ya zo da ma'auni irin ECERS ko CLASS wani abu ne dabam. Fa'idarsa ita ce makinsa yana da ma'ana ɗaya a ko'ina, ana iya kwatanta aji da aji, bana da baɗi. Masu amfani da CLASS sai sun ci jarrabawar daidaita maki, kuma suna sabunta shaidarsu duk shekara. Wannan ne ya sa yake da tsada, kuma samun mai irin wannan shaida a kusa ba abu ne mai sauƙi ba. Sannan an ɗinka waɗannan ma'aunai ne a kan azuzuwan Amurka. ECERS yana ba da maki a kan kujeru daidai tsawon yara, da kusurwoyin wasa, da yalwar kayan aiki. Ajin da yara ke zaune a tabarma, da malama haziƙa mai koyar da ƙirga da tsakuwa da 'ya'yan dabino, zai iya samun maki ƙasa-ƙasa a fannoni da yawa, rahoton ya nuna talaucin ginin ya rufe ƙwazon malamar. Saboda irin wannan ne UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da cibiyar Brookings suka haɗu a 2014 suka fara aikin MELQO domin samar da ma'aunan da suka dace da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ƙungiyar Save the Children kuma ta fitar da IDELA, wanda ke gwada yaro kai tsaye ta hanyar wasanni kuma ba a sayar da shi. Duk wanda zai ɗauko ƙwararre ya tambaye shi da wane ma'auni zai yi aiki, kuma da wane harshe zai yi wa yaran magana.

Akwai al'amuran da ba na ganin akwai zaɓi a cikinsu, dole na waje. Idan ana zargin ana cutar da yara, duka mai barin tabo, ko wani babba yana keɓewa da yaro, ko yara na fita ƙofa ba wanda ya sani, ba a ce wa waɗanda abin ya shafa su binciki kansu. A kira hukuma, a sanar da iyaye, a yi gaggawa. Haka kuma idan kuɗin wasu ne a ciki, ƙungiyar agaji ko gidauniya ko al'ummar da ta yi karo-karo, suna da haƙƙin jin hukuncin wanda ba ya cin albashi a makarantar.

Sai kuma babbar tambaya: shin shirin makarantar ne ya kawo ci gaban da ake gani a yaran? Yaro ɗan shekara huɗu yana girma ko ya shiga makaranta ko bai shiga ba, don haka ganin ya ƙaru a ƙarshen shekara bai tabbatar da komai ba. Binciken da aka fi ambata a wannan fage, na makarantar Perry a garin Ypsilanti na jihar Michigan, ya fara a 1962 ƙarƙashin David Weikart da yara 123. An raba su biyu, 58 suka shiga shirin, 65 ba su shiga ba, aka yi ta bibiyar rayuwarsu har suka kai shekara 40 da ma bayan haka. Da wannan kwatance ne aka iya cewa waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare da samun abin yi, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Irin wannan aiki na masu bincike ne, da kuɗi da shekaru. Ƙaramar makaranta ba ta bukatarsa, amma kada ta riƙa iƙirarin abin da sai da shi ake iya tabbatarwa.

To wa zai ɗauki wanne?

Makarantar kuɗi ƙarama da ke da malamai uku zuwa shida, waɗanda aƙalla wasunsu sun yi shekaru a wurin, ita ce ta fi dacewa da jagorancin malamai. Kuɗin da za ta ba ƙwararre gara ta sayi lokaci da shi: a sallami yara da wuri rana ɗaya a mako biyu, ko a ɗauki mataimakiya da za ta riƙe aji yayin da malama ta je lura a ajin wata. Baƙon idonta kuma ba sai mai tsada ba. Ana iya ƙulla musaya da makarantar da ba a gasar ɗalibai da ita, ta wata unguwa, malamansu su zo naku su je. Ana iya gayyatar malami daga sashen ilimin ƙananan yara na kwalejin ilimi mafi kusa, ko tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya wadda ba ta jin nauyin kowa. Sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Sabuwar makaranta, ko wadda yawancin malamanta ba su sami horon koyar da ƙananan yara ba, ta fara da na waje. Mutum ba ya auna abu da mudun da bai taɓa gani ba. A samo wanda ya san aikin ya zauna da su, ya kai su su ga aji mai kyau da idonsu, sannan a hankali a miƙa musu ragama. Sashen rabin aji na makarantar gwamnati kuwa, inda cunkoso ya yi yawa, kada a ɗora wa malama rubuce-rubuce. Tambaya ɗaya mai sauƙin ƙirgawa a zango ta isa, shugaban makaranta da kwamitin al'umma na SBMC su ɗauki nauyin abin da ya shafi ruwa da tabarmi da inuwa. Islamiyyar da kwamiti ke gudanarwa tana da wata dama da sauran ba su da ita, domin iyayen yaran maƙwabta ne kuma suna jin makarantar tasu ce; a sa iyaye mata biyu ko uku masu faɗa a ji cikin masu bitar.

Duk inda aka zaɓi malamai su ja gaba, a fara da ƙarami. Tambaya ɗaya a zango, wadda malaman suka zaɓa da kansu, kuma wadda za a iya gani ko a ƙirga. "Yaya ingancin koyarwarmu?" ba za ta kai ko'ina ba. "Minti nawa yara ke yi a zaune suna jira ba sa yin komai?" za ta kai. A haɗa shaida daga fiye da wuri ɗaya: abin da aka gani a aji, aikin hannun yaran, da abin da iyaye suka ce. Iyaye mata su suka fi sanin abin da yaro ke faɗa idan ya koma gida, kuma yawanci ba su ke zuwa taron iyaye da malamai ba, don haka sai malama ta bi su gida ko ta kira su a waya. A tambayi mai reno da ke kai yara banɗaki, da maigadi da ke ganin wanda ke shigowa da kuka kullum. Suna da labarin da ba ya cikin rajista. Idan za a ɗauki hoto ko murya da waya, a nemi izinin iyaye tukuna, kuma kada ya fita daga makaranta zuwa WhatsApp ko Facebook. A tanadi littafi guda mai kauri da za a riƙa rubuta tambayar kowane zango, da abin da aka gano, da abin da aka canja, domin sabuwar malama ta tarar da shi.

Idan kuma baƙo za a kira, a yi sharaɗi da shi tun kafin ya zo. Ya iso kafin yara su iso, ya zauna har a tashi, kada ya leƙa minti goma ya wuce ofis. Ya ji harshen da yaran ke ji. A faɗa wa malamai makon da zai zo amma ba ranar ba. Ya fara karanta littafin bitar malaman, ya ce musu ga inda ya yarda da su, ga abin da yake ganin sun tsallake. Kafin ya rubuta komai ya zauna da malaman su kaɗai, ba mai makaranta a wurin, ya faɗa musu abin da ya gani su kuma su ba shi bayanin abin da bai fahimta ba. Rahoton ya zo da harshen da malaman za su karanta ba tare da tafinta ba, da shawarwarin da ba su wuce uku ba. Kuma a rubuta cikin yarjejeniyar cewa zai dawo a zango na gaba ya ga abin da aka yi da su, sai a lokacin ne za a cika masa ragowar kuɗinsa.